Ganuwar da Aka Cire wa Tsakiya

Zuwa ga Uwata Injiniya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina biyu. Mu ma lafiya lau, in ban da kunne. Injin daɓe ya cinye na hagu, na dama kuwa Innarki ta gama da shi tun kafin a haife ki. Shi ya sa na ce direban tifa ya riƙa kai miki takarda, don in kin kira waya ba na jin komai sai kamar ƙuda a kwalba. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi, na huɗun ma rabinsa a bakin taga na yi shi ina leƙe.

Na gode da aikin da kika sa aka ba ni. Shekara arba'in ina ginin ƙasa ba wanda ya taɓa ba ni hular kwano, sai yanzu da gashin ya gama zubewa.

Ba ki zo kin ga ganuwar da kika zana ba tun da aka kafa turaku, to bari in zama idonki. Ranar da kika ce da ƙasa za ki tare duwatsun da ke gangaro mana daga tsauni, na ce wa Innarki karatu ya taɓa yarinyar nan. Na janye maganata. Ta tashi daga bayan famfo har ta wuce gidan mai burodi, ta ninka ni tsayi da ɗoriya, gindinta taku takwas. Tifa ta zuba ƙasa, tanka ta yayyafa ruwa, inji ya bi ya daɓe har in ka buga dunduniya ba ta nunawa. Sai ni da mutanena huɗu mu shimfiɗa baƙar ragar nan ta roba daga wannan fuska zuwa waccan, mu naɗe baki, a sake zubo ƙasa. Hawa takwas, kamar littafi, shafin ƙasa shafin raga. Mai Usur, shugaban aikinmu, ya ce saura sati uku, daga nan sai ki sa hannu hukuma ta buɗe mana layinmu.

Uwata, ki sa hannun nan da wuri. Wata goma sha ɗaya ke nan gida ashirin da uku muna cikin sito ɗaya, buhu ne bangon kowa. In mai burodi ya yi atishawa a ɗakinsa, Innarki ce ke yi masa sannu daga namu. Na san asirin kowa, kowa ya san nawa, kuma nawa ya fi ban kunya, don an gano ba ni ke da magana a gidana ba. Tela ne kaɗai ba ya shiga hira. Tun da dutsen nan ya fasa masa ɗaki ya tafi da ran matarsa, ya kafa kekensa a ƙofar sito, yana ɗinki yana kallon tsauni.

Amma albishirinki, Babanki ya zama mutum. Da ragowar ragarki na yi wa Innarki shingen lambu a bayan sito, kafin ki ce kwabo layi ya taru a kaina. Yanzu akwai akurkin kaji bakwai da garken awaki, duk aikina. Ragar ba ta ruɓewa, gara ba ta ci, akuya ta gwada ta haƙura. Mai Raga ake kirana. Mai burodi da bai taɓa riga ni gaisuwa ba, yanzu daga nesa yake ɗaga hannu. Har tela na yi wa ɗakin tattabaru, don shi ya ara min babban almakashinsa. Ranar ya yi murmushi, na farko a bana.

Innarki na gaishe ki, ta ce kin rame a hoton da kika aiko. Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Babanki, tsohon magini, sabon Mai Raga.

*

Baba,

Na amsa sallamarka, kuma ina gaishe ka da Inna tare da fatan alheri. Yara lafiya, sun ce a gaida kaka.

Tambaya ɗaya gare ni. Ragar nan a yanke take zuwa, kowane falle daidai faɗin hawan da za a shimfiɗa shi. Ni na bayar da awon. Bai kamata a sami ragowar da za ta rufe kwando ba, balle akurki bakwai da garke da shinge. Daga ina ta fito?

Don Allah ka ba direba amsa gobe, kuma kada ka ba ni ita da wasa.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta zo, gajera kamar ta likita. Kin ce kada in yi wasa. Kin san Babanki in aka cire masa wasa sai hular kwano ta rage, amma zan gwada.

Ga yadda aka yi. Muna hawa na uku na tsaya na dubi abin da muke yi. Raga mai kyau, sabuwa fil, mu shimfiɗa ta taku takwas mu binne inda ido ba zai sake ganinta ba har tashin duniya, alhali awaki na cinye wa Innarki alayyafo. Na ce wa Mai Usur, "Wai tsakiyar nan aikin me take yi?" Ya ce, "Tsoho, ni usur aka ba ni, ba a ba ni zane ba." Na ce, "To in an rage fa?" Ya dubi sama, ya ce matarsa ma tana kiwon kaji.

Sai na riƙa barin taku biyu a fuskar tsauni, taku biyu a fuskar gidaje, yadda za a naɗe baki ya yi kyau, in fitar da tsakiyar. Daga waje ko ke ba ki isa ki gane ba. Mai duba aiki na ofishinku ranar Laraba yake zuwa, ya ɗauki hoton fuska biyu ya sha ruwa ya tafi. Ranar Laraba cikakkiya muke shimfiɗawa, don kada a sa shi dogon rubutu, bawan Allah.

Ba ko'ina na yi ba. Na zaɓi wajen da ya fi kusa da ƙofar gidanmu, tunda a zaurenmu nake tarawa kafin in kai sito, kuma bayana ba na da ba ne.

Ki kwantar da hankalinki. Nauyin ƙasa ne ke tare dutse, raga ado ce irin taku ta 'yan boko, kamar yadda kuke sa wa littafi riga. Na hau kan ganuwar nan na yi tsalle da ƙafa biyu, ni ne na girgiza, ita ko gezau. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau katafila ba zai hango ba.

Ban sayar da ko ƙyalle ba, kyauta na yi. In akwai laifi a ciki, to laifin mutumin da ya shekara sittin da shida ba a taɓa zuwa ƙofarsa neman komai ba sai aron tsani.

A gaida maigida. Allah ya bar zumunci.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da Inna. Na karanta sau uku.

Ina da shekara bakwai kake sa ni in taka maka ƙasar gini. Ka tuna ranar da ka rushe bangon da abokin aikinka ya kai ƙugu, don ya rage ciyawa a kwaɓin? Ka ce masa ƙasa ba ciyawa gari ce mai jiran ruwa. Ragar nan ita ce ciyawar, Baba. A wurinka na fara jin darasin, shekaru kafin in ji shi a aji.

Dutsen da ya kashe matar tela ya fi ƙaramar mota nauyi, kuma da gudu ya iso. In irinsa ya bugi ganuwa, ragar ce ke sa ƙasar duka ta karɓi bugun tare, daga gaba har baya. Inda ka yanke, fuska biyu ce tsaye ba abin da ya haɗa su. Bugun zai shiga ta gaba, bayan ya fashe ya zubo. Gidajen da ke ƙarƙashin wurin ka san su. Ɗakin Inna ne ya fi kusa.

Ba zan sa hannu ba. Zan rubuta rahoto.

Saura abu ɗaya, kuma a hannunka yake. In ba a san inda aka yanke ba, dole a rushe ganuwar duka a sake, mutane su ƙara damina biyu a sito. In ka rubuta min daga ina zuwa ina, da kuma hawa na nawa, wurin kaɗai za a buɗe, wata huɗu ya isa. Amma takardar da sunanka za ta shiga ofis, ba zan ɓoye maka ba. Na san ka tuna. Har yau kana iya faɗin yawan tubalin ɗakin da ka gina kafin a haife ni.

Sau uku aka ce in zo in duba aikin da idona. Sau uku na ce ba sai na je ba, Babana yana wurin.

Ina jiran amsarka. Allah ya ba mu mafita.
'Yarka.

*

Uwata,

Ina gaisuwa. Lafiya dai ta jiki akwai.

Kin manta abu ɗaya game da Babanki, ban iya karatu a zuci ba. Sai na ɗaga murya nake gane abin da aka rubuta, kuma da kunnen nan ban san iyakar muryata ba. Na zauna a ɗakinmu mai bangon buhu na karanta takardarki tun daga gaisuwa har ƙarshe. Da na ɗago, sito ya yi tsit kamar an yi rasuwa.

Kafin rana ta karkata, akurki bakwai sun ɓace. Ban taɓa ganin layinmu ya haɗa kai a kan aiki haka ba, ko ranar da muke kwashe kaya. Kaji na yawo har cikin ɗakuna. Na sami mai burodi yana sharar inda garkensa yake, na ce, "Ina ragar?" Ya ce, "Wace raga, Malam?" Na ce, "Wadda ka zo da burodi biyu kana roƙo." Ya ce, "Ni dai na san 'yarka na son ta nuna mana ta yi boko, 'ya'yanmu na kwana a sito." Na je wurin Mai Usur, ya ce shi bai taɓa ganin almakashi a wurin aiki ba, kuma matarsa ba ta cin ƙwai ma. Yanzu in na wuce, yara na yin kukan kaza. Sun iya sosai, har na so in yaba. Innarki ta je famfo, mata suka ja bokitansu gefe suka ba ta hanya. 

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na yarda. Amma ki saurare ni. Dutse irin wancan sau ɗaya ya faɗo a tsawon rayuwata. Raga tana nan a ƙasa, tana nan a sama, ba duka na cire ba. Ki sa hannu mutane su koma gidajensu. Ni zan kwanta a ɗakin da ya fi kusa, in ya zo ya fara da ni, dama ya san hanya.

Rabin ɗakunan layin nan ni na gina, ba wanda ya taɓa tsagewa. In na rubuta abin da kike so, sunan da zan shiga kabari da shi ɓarawon raga. Jikokina za su ji. Tun da na haife ki ban taɓa roƙonki komai ba, ko aikin nan ke kika kawo. Yau na roƙa.

Allah ya sa ki duba da idon rahama.

Babanki.

*

Uwata Injiniya,

Sallama. Kwana goma sha shida ke nan. Sau uku ina tare direban tifa, sau uku yana nuna min tafin hannunsa. Na gane. Ni ma na iya karanta irin wannan takardar, ita ce kaɗai ba sai na ɗaga murya ba.

Jiya da hantsi tela ya zo. Shi kaɗai ne bai ɓoye tasa ragar ba. Ya saki tattabarunsa, ya kwance ragar, ya ninke ta kusurwa kan kusurwa kamar yadin amarya, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Na zo karɓar almakashina." Na ɗauko masa. Ya juya shi, ya ce, "Da shi ka yanka?" Na ce da shi. Ya ce, "Ta ina?" Na ce ta wajen gidanmu. Ya ce, "Bangona da naka ɗaya ne." Na nemi abin da zan faɗa mai ban dariya, wallahi na nema, aljihun ba komai. Ya ce, "Ni na wasa maka shi, sau biyu. Na ce bawan Allah yana aikin kare mu, kada hannunsa ya yi kanta." Bai zage ni ba. Ya sa shi a aljihu ya koma kan kekensa.

Da rana na hau ganuwa na auna da ƙafata. Ga shi, ki rubuta.

Daga turke na goma sha huɗu, wanda ke daidai bayan ɗakin tela, zuwa taku biyu kafin turke na ashirin, bayan tandar mai burodi. Taku sittin da biyu nawa. Hawa na ɗaya da na biyu cikakku ne, lokacin ban yi wayo ba tukuna. Na uku na yanke duka. Na huɗu cikakke, ranar Laraba ya faɗa. Na biyar da na shida na yanke duka. Na bakwai na yanke daga turke na goma sha huɗu zuwa na goma sha bakwai, a nan almakashi ya dakushe na mayar wa mai shi ya wasa. Na takwas cikakke, don kowa ya riga ya samu, kaji sun ƙare. A wajen wannan ban taɓa ko zare ba. Mutanena huɗu riƙe min kawai suka yi, ni na ce su riƙe.

Na rubuta cikakken sunana a bayan takardar nan, wanda rabon da a kira ni da shi tun ranar ɗaurin aurena, na kuma dangwala yatsa da shuɗin biro don kada a ce aji huɗu bai isa shaida ba. Ragar shingen Innarki da ta tela suna zaure, in ana son gani. Awaki sun gama da alayyafo tun shekaranjiya, ko su sun sami rabonsu a aikin nan.

Na mayar da hular kwano. Mai Usur ya ce in ajiye a ƙasa, bai karɓa da hannu ba.

In an fara tonon, za ki zo? Innarki ce ke tambaya.

Allah ya yi miki albarka, ko da amsa ko babu.

Babanki, magini.

*

Baba,

Ina gaishe ka da Inna.

Na kai takardarka yadda take, ban goge komai ba. An karanta ta a gaban mutum shida. Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Litinin katafila za ta buɗe wurin. Ka gaya wa Inna su ƙara haƙuri wata huɗu. Sunanka yana cikin rahoto, nawa yana ƙarƙashinsa. An cire ni daga aikin, wani ne zai sa hannu in an gama. Maganar zuwa, ban sani ba tukuna.

Na gwada awonka da zane. Taku sittin da biyu naka mita arba'in da shida da rabi ne, ko faɗin tafin hannu bai kauce ba. Dama na san ka iya.

Ka huta lafiya.
'Yarka.